Ambaliyar Akra: Lokaci ya yi da Zango zai samar da nasa masanan ruwa da ƙasa

A duk shekara, da zarar watan Mayu ya kama, mazauna Kotobabi da Alajo da Nima da Maamobi a birnin Akra kan shiga zaman ɗar-ɗar, domin kuwa sun san babbar damina ta kankama, kuma da wuya watan Yuni ya wuce bai bar wani da asara ba. Mai shago ya ɗaga kayansa a kan katako, mai sito ya ƙara bulo biyu a bakin ƙofarsa, mai tirelar albasa kuwa ya yi ta addu'ar kada hadari ya haɗo kafin a gama sauke kaya. Idan ruwan ya zo ya yi ɓarnarsa, sai manyan jami'ai su zo jaje, a raba katifu da shinkafa, a kawo motocin yasar kwata na 'yan makonni, daga nan kuma sai baɗi. Wannan jarida na ganin akwai wani ɓangare na maganar da ba a cika taɓowa ba a majalisun Zango da rumfunan kasuwa, wato ƙarancin 'ya'yanmu a cikin masanan da ke nazarin yadda ruwan sama ke tafiya a doron ƙasa da yadda yake zaizaye ta. A kan wannan ne muke son jawo hankalin 'yan kasuwa a yau, tun daga Akra har zuwa Aflao da Paga da Bawku da Jibiya da Illela da Birnin Ƙonni.

Idan ba a manta ba, a daren Laraba 3 ga Yunin 2015 ne aka tafka ruwan da ya haura milimita 200 a Akra, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da birnin kan samu a shekara guda. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah da aka fi sani da Circle. Jama'a suka fake a gidan man GOIL da ke wurin, mai ya malalo ya bi saman ruwa, wuta ta tashi. Mutane fiye da 150 ne suka rasa rayukansu a wannan dare, har Shugaba John Dramani Mahama ya ayyana zaman makoki na kwana uku a faɗin ƙasar Gana. Ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna ambaliyar ta shafi mutane kimanin 53,000, kuma ɓarnar da ta yi wa gidaje da hanyoyi da ayyukan ruwa ta kai ta kusan dala miliyan 55. Wannan lissafi ne na hukuma. Buhunan da suka jiƙe a sito, da jarin adashe da ya narke a dare ɗaya, da bashin da ya rage a wuyan ɗan kasuwa, masu su ne kaɗai suka san adadinsu.

Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba. An yi irinsa a 1995, an yi a 2001, an sake yi a 2011. Ba kuma za a ce ba a kashe kuɗi ba. A shekarar 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 domin shirin GARID, wanda aka tsara musamman don kwarin kogin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka zaɓa domin gyaran hanyoyi da magudanai. An karkatar da dala miliyan 65 daga ciki zuwa yaƙi da annobar korona, sannan a 2023 aka ƙara wa shirin dala miliyan 150. A 2022 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da magudanai da auna ruwan koguna ta ƙasar. Tambayar da ya kamata kowane mai kishin Zango ya yi ita ce, a lokacin da ake zana taswirar inda wannan kuɗi zai shiga, da faɗin kwatar da za a gina, da gidajen da za a ce sun tare hanyar ruwa, mutum nawa ne a kan teburin suka taɓa kwana a ɗakin da ruwa ya shiga a Maamobi?

Kafin a gane muhimmancin tambayar, sai an fara sanin daga ina ruwan yake zuwa. Yawancin ruwan da ke shiga shagon mutum a Alajo ba a Alajo ya sauka ba. Kogin Odaw ya taso ne daga tsaunukan Akwapim da ke arewa da birnin, ya gangaro ta Achimota da Alajo da Avenor da Circle da Agbogbloshie, ya zuba a tafkin Korle, daga nan ya faɗa teku. A kan hanya yana karɓar ruwan wasu rafuka, ciki har da Onyasia da ke bi ta wajen Kotobabi da Alajo, da kuma rafin Nima, wanda yanzu ya zama babbar kwatar da kowa ya sani. Duk faɗin ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya taru a kogi ɗaya shi masana ke kira kwarin kogi, kuma na Odaw ya kai kimanin murabba'in kilomita 270. Abin kamar mazurari yake: bakinsa mai faɗi yana can sama wajen tsaunuka, tsukakken wuyansa kuma yana nan ƙasa inda talakawa da kasuwanni suke. Idan aka yi rashin sa'a ruwa ya sauko a daidai lokacin da teku ya cika, ƙofar fita ma sai ta ƙara tsukewa.

Ɗan kasuwa mutum ne mai son lissafi, don haka bari mu yi lissafin. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, idan aka yi ruwan milimita 200, zai zubo da lita 20,000, wato duro 100 ke nan masu cin lita 200. Da a ce irin wannan ruwa zai sauka a ko'ina cikin kwarin Odaw, to jimillarsa lita biliyan 54 ce, abin da zai cika tankar mai mai cin lita 33,000 fiye da miliyan ɗaya da rabi. A da can, lokacin da Dome da Ashongman da Haatso suke gonaki da daji, ƙasa da ciyawa da saiwar itatuwa kan shanye kaso mai yawa, su saki ragowar a hankali cikin kwanaki. Yau rufin kwano da siminti da kwalta sun rufe wuraren, saboda haka ruwan da a da yake isowa cikin kwanaki, yanzu cikin 'yan sa'o'i yake isowa, kuma a tare. Kwatar da aka auna aka gina don ruwan shekaru 40 da suka wuce ba za ta iya da na yau ba, ko da kuwa babu leda ko ɗaya a cikinta.

Sai kuma maganar yashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli abin da ake fitarwa idan ana yasar Odaw zai ga cewa ban da leda da robobi, akwai tulin yashi da laka. Wannan ƙasa ce da ruwa ya zaizayo daga filayen da aka share don gini, da hanyoyin da ba a zuba wa kwalta ba, da gangaren tsaunukan da aka sare wa itatuwa. Idan ruwa ya kankare kaurin milimita ɗaya kacal daga fili mai faɗin hekta ɗaya, abin da ido ba zai ma lura da shi ba, ya kwashe kimanin tan 13 na ƙasa, kwatankwacin buhu 130 masu nauyin kilo 100. Ruwa na gudu da ita a gangare, idan ya iso shimfiɗaɗɗen wuri kamar Alajo da Circle sai gudunsa ya ragu, ya sauke kayansa a cikin kwata. Shi ya sa za a yashe bana, baɗi a tarar ta sake cikewa. Ba ma musun cewa zuba shara a kwata babban laifi ne da ke toshe kwalbatoci, kuma wajibi ne masu yi su daina. Amma muddin ba a tare ƙasar daga inda take tasowa ba, yasa za ta ci gaba da zama kwangilar shekara-shekara.

To, wane ne zai faɗi yawan yashin da ke shigowa, da unguwar da ya fi fitowa, da wurin da ya dace a gina tafkin da zai riƙe ruwa na ɗan lokaci kafin a sake shi? Wannan shi ne aikin masanin ruwa da zaizayar ƙasa. Yana kafa ma'aunin ruwan sama a wurare daban-daban, ya kafa sanda mai lambobi a ƙarƙashin gada don sanin tashin kogi, ya ɗebi ruwa a kwalba lokacin da ake tsakiyar kwarara, ya tace, ya busar, ya auna nauyin lakar da ke ciki. Yana keɓe 'yan filaye a gangare, wani a bar shi tsirara, wani a rufe shi da ciyawa, ya ga wanne ya fi zubar da ƙasa. Daga nan ya haɗa alƙaluman da hotunan tauraron ɗan'adam a kwamfuta, har ya iya cewa idan aka yi ruwa kaza a kan tsauni, bayan awa kaza zai kai gwiwa a wuri kaza. Aiki ne na haƙuri, domin alƙaluman shekara ɗaya ba sa isa, sai an tara na shekaru 20 ko 30 kafin a yi magana da tabbaci. Amma awa biyu na gargaɗi sun ishi mai sito ya kwashe kayansa, sun ishi uwa ta fitar da 'ya'yanta.

Kada mai karatu da ke Paga ko Jibiya ya ɗauka wannan damuwar mutanen Akra ce kawai. Kogi bai san shingen kwastan ba. Kusan kowace shekara a watan Agusta ko Satumba, idan aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, gonakin da ke bakin kogin Farin Volta a arewacin Gana ne ke nutsewa, kuma ambaliyar 2007 har yau ba ta fita daga zukatan mutanen yankin ba. A Satumba da Oktoban 2023 aka saki ruwan madatsar Akosombo, ya raba dubun-dubatar mutane da gidajensu a Mepe da garuruwan da ke kewaye, yankin da hanyar Akra zuwa Aflao ke ratsawa. A Satumban 2020 kogin Kwara ya yi cikar da ba a taɓa aunawa ba a Yamai. A ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri har cikin Kasuwar Monday, shekara 30 bayan irin haka ta faru a 1994. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ruwa ya hallaka fiye da mutum 150 a Mokwa ta Jihar Neja, garin da tirelolin kayan abinci ke bi daga Arewa zuwa Ibadan da Legas, kuma Unguwar Hausawa na cikin wuraren da abin ya fi muni. Gada ɗaya idan ta karye, albasar Galmi da tumatir ba sa jiran a gyara.

Wani zai ce, shin wannan karatu ya taɓa amfanar kowa a ƙasashenmu? Amsa ita ce ƙwarai kuwa. Farfesa Rattan Lal, wanda aka haifa a gidan ƙananan manoma a yankin Punjab, ya shafe shekarun 1970 zuwa 1987 a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan yana auna ƙasar da ruwa ke kwashewa daga gonaki. Ya nuna cewa share daji da manyan injuna na jawo mummunar zaizaya, kuma rufe ƙasa da karan amfanin gona tare da rage huɗa na rage ta matuƙa. Wannan aiki na daga cikin abin da ya sa aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2020. Haka nan, tun a shekarun 1980 masu auna koguna a Burkina Faso da Nijar suka gano wani abin mamaki: duk da fari ya rage ruwan sama, ruwan da ke kwarara a wasu kogunan yankin Sahel ƙaruwa ya yi, saboda ƙasar da aka tuɓe wa ciyawa da itace ta daskare ta zama fako, ba ta shan ruwa. Ba don an yi shekaru ana aunawa ba, babu wanda zai yarda da haka.

A ƙasar Hausa ma akwai misali. Daga 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya shiga ƙarfafa wa manoman jihar Maraɗi gwiwa su riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski, abin da ake kira sassaben zamani. Manoma suka karɓa, suka yaɗa a tsakaninsu. Sai a tsakiyar shekarun 2000 ne masu bincike, ciki har da Dakta Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Chris Reij da Gray Tappan, suka bi gonaki suka gwada da tsofaffin hotunan sama, suka tabbatar wa duniya cewa itatuwa, musamman gawo, sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nuna cewa manoman karkarar Kano sun san yadda ake riƙe ƙasa duk da yawan jama'a. Darasin a nan shi ne, talaka na da ilimin wurinsa, amma sai an samu mai auna shi ya rubuta da alƙaluma kafin hukuma da masu ba da rance su saurara.

A nan ne maganar ta dawo Zango. Tun farkon shekarun 1930 da Malam Amadu Futa ya samu fili a hannun iyalan Odoi Kwao aka kafa Nima, unguwannin baƙi suke girma a gefen rafuka da gangare, wuraren da masu hali ba sa so, kuma suka daɗe ba a saka su cikin tsarin birni ba. Duk lokacin da ruwa ya yi ɓarna, ido kan fara sauka ne a kan irin waɗannan unguwanni. Makonni kaɗan bayan bala'in 2015 aka shiga da katafila Old Fadama da ke bakin tafkin Korle, inda 'yan arewacin Gana suka fi yawa. A Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku da ke bayan gari. Ko mutum ya goyi bayan waɗannan matakai ko bai goya ba, abin lura shi ne al'ummar da ba ta da masaninta ba ta da bakin gardama idan aka shimfiɗa mata taswira. Sarkin Zango da limami za su iya roƙo, lauya zai iya neman a jinkirta, amma wanda zai ce wannan layi an ja shi ba daidai ba, kuma kaso kaza na ruwan daga sabbin gidajen can sama yake fitowa, sai wanda ya karanci abin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaron da ya tashi a Kotobabi ya san lungun da ruwa ke fara shiga, kuma tsofaffi za su gaya masa da harshensu inda ruwan 1995 ya tsaya a jikin bango, bayanin da baƙo mai riƙe da takardar tambayoyi ba zai samu ba.

Hanyar karatun a fili take. Yaro ko yarinya su zaɓi ɓangaren kimiyya a babbar sakandare, wadda gwamnatin Gana ta mayar kyauta tun Satumban 2017, su dage da lissafi da fizis da kemistiri. Daga nan sai digirin farko na shekara 4 a injiniyancin gine-gine, ko injiniyancin aikin gona, ko labarin ƙasa, ko kimiyyar ƙasar noma. Bayan shekarar bautar ƙasa sai digiri na biyu na shekara 2, sannan digirin dakta na shekara 3 zuwa 4. Wanda ya zaɓi koyarwa zai fara daga lakcara, ya riƙa bincike yana wallafawa yana yaye ɗalibai har ya kai farfesa. Makarantun ma ba nesa suke ba. Akwai Jami'ar Gana a Legon, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi mai cibiya ta musamman kan ruwa da tsaftar muhalli, da Jami'ar Nazarin Ci Gaba a Tamale mai cibiyar ruwa da noman rani. Akwai cibiyar binciken ruwa ta ƙasa a Akra, da ta binciken ƙasar noma a Kwadaso kusa da Kumasi. A maƙwabta akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974, da makarantar 2iE a Wagadugu, da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano. Shirin WASCAL, mai hedikwata a Akra, wanda Jamus ta tallafa aka kafa, ya ɗauki nauyin ɗaliban Afirka ta Yamma da dama zuwa digirin dakta, kuma reshensa na albarkatun ruwa na Jami'ar Abomey-Calavi a Jamhuriyar Benin.

Mun san abin da Alhaji zai ce, kuma maganarsa abin dubawa ce. Zai ce shekara 10 bayan sakandare ba wasa ba ne, a cikin wannan lokaci ƙanin yaron da ya zauna a shago ya yi aure ya sayi mota. Zai ce albashin malamin jami'a bai kai cinikin mako ɗaya a lokacin kakar albasa ba, kuma waɗanda suka yi fice sau da yawa Turai da Amurka ke janye su, rahotannin da suka rubuta kuma ƙura ke cinye su a ofis. Duk wannan akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba mu ce a rufe shago a tura kowa jami'a ba. A gidan da ke da 'ya'ya takwas, a samu ɗaya mai kan lissafi a sadaukar da shi ga wannan fanni, ba asara ba ce. Fatake sun saba da jarin da ba ya dawowa sai bayan watanni, kakanninmu kan yi wata da watanni a hanyar Gwanja kafin su ga ribar goro. Bugu da ƙari, mai wannan ilimi ba a aji kaɗai yake cin abinci ba. Hukumomin ruwa da na hanyoyi, da kamfanonin gine-gine da na haƙar ma'adinai, da Hukumar Kwarin Volta mai mazauni a Wagadugu da ta Kwarin Kogin Kwara da ke Yamai, duk suna buƙatarsa. Wanda kuma ke jin Hausa da Turanci da Faransanci ya riga takwarorinsa da taki ɗaya.

Kada kuma a bar mata a baya, domin su ne ke kwana kwalfar ruwa daga ɗaki, su ne kuma ke kasa kaya a ƙasa a bakin kwata. Marigayiya Letitia Obeng, mace ta farko 'yar Gana da ta samu digirin dakta a fannin kimiyya, ita ta jagoranci cibiyar da ta yi nazarin halittun tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo, kuma ta rasu a 2023 tana da shekara 98 cikin girma da daraja. Babu abin da zai hana 'yar Maamobi bin wannan sawu idan ta samu mai tsaya mata.

A saboda haka, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan goro da 'yan shanu da direbobin tirela, a Akra da Kumasi da kasuwannin kan iyaka, da su ware wani ɗan kaso daga kuɗin ƙungiya, ko da abin da bai kai la'adar buhu ɗaya a kowace mota ba ne, su buɗe asusun ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ko biyu a wannan fanni a kowace shekara. A zaɓi ɗaliban bisa sakamakon jarrabawa, a kafa sunayensu a fili, kuma a yi yarjejeniya da su cewa binciken digirinsu zai kasance a kan rafin Nima, ko Onyasia, ko gulbin Maraɗi, ko kwazazzabon da ke cin bakin wata kasuwa tamu. Muna kuma kira ga Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da doka a 2017, da ya saka wannan fanni cikin jerin karatun da ya cancanci tallafi, kamar yadda ake fifita likitanci da aikin lauya.

Ga shugabannin makarantun Kotobabi da Nima da Maamobi, na boko da na Islamiyya, muna ba da shawarar a kafa ma'aunin ruwan sama a harabar kowace makaranta, yara su riƙa karantawa kowace safiya suna rubutawa a littafi. Kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. A kuma shafa fenti mai lambobi a jikin gadojin unguwa, a riƙa rubuta inda ruwa ya kai da ranar da ya kai. Bayan shekara 10 wannan littafi zai zama hujjar da babu injiniyan da zai raina, kuma daga cikin yaran da suka riƙe shi ne farfesan gobe zai fito.

Ga mahukunta kuwa, haƙƙin jama'a ne a sanar da su abin da aka auna da kuɗinsu. Hukumar hasashen yanayi da hukumar agajin gaggawa ta NADMO su riƙa fitar da gargaɗi da Hausa da sauran harsunan kasuwa ta gidajen rediyo da wayoyin hannu, a faɗi unguwa, a faɗi lokaci. Idan za a buɗe Bagre ko Akosombo, a sanar da tashoshin mota da shugabannin kasuwa tun da sauran kwanaki. A ɗauki matasan da suka kammala wannan karatu aiki a ƙananan hukumomin Ayawaso, a ba su kayan awo da abin hawa. Jami'o'i su ma, idan ɗalibansu sun gama tambaye-tambaye a Zango, su dawo su zauna da jama'a su bayyana abin da suka gano, maimakon a ɗauki bayani a tafi ba waiwaye.

Ruwan sama rahama ce, kuma babu mai ikon hana shi sauka. Amma inda zai bi bayan ya sauka, da yawan ƙasar da zai kwasa, da wanda zai tarar a kan hanyarsa, abubuwa ne da ɗan'adam ke iya aunawa ya yi musu tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka saka a ajin kimiyya bana sai nan da shekaru fiye da 10 zai zama dakta, kuma a cikin waɗannan shekaru gine-gine za su ci gaba da hawa tsaunukan Akwapim, ruwan da ke gangarowa Alajo da Kotobabi kuma zai ci gaba da ƙaruwa. Idan ƙungiyoyinmu suka fara a wannan kaka, akwai ranar da za a shimfiɗa taswirar Odaw a gaban minista, ɗan Zango ya miƙe ya nuna da yatsa inda gyara yake. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, Ya kuma ba mu damina mai albarka.